KAI KA MALLAKI WAYA, KO ITA TA MALLAKE KA?

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Wanda Ya ba ɗan Adam hankali, Ya hore masa abin da ke bayan ƙasa domin ya bauta Masa Shi kaɗai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da duk wanda ya bi Sunnarsa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa mai karatu, Allah Ya yi mana rahama baki ɗaya. Akwai wani abu a aljihunka, ko ma yana hannunka na hagu a yanzu da kake karanta wannan ɗan littafi. Da shi kake kwana, da shi kake tashi. Da shi kake saye da sayarwa, da shi kake gaida mahaifiyarka, da shi kake sanin lokacin salla. In ka manta hularka a gida sai ka wuce, in kuwa shi ka manta, komai nisan da ka yi sai ka koma. To, abin da ya kai wannan matsayi a rayuwar Musulmi ya cancanci a tsaya a auna shi da ma'aunin Alƙur'ani da Sunna. Tambayarmu ɗaya ce: tsakaninka da wayar nan, wa ke riƙe da linzami?

ASALIN HUKUNCI

Ka sani, ɗan'uwa, ƙa'ida ce sananniya a wurin malamai cewa al'amuran ibada a tsaye suke, ba a ƙara kome a cikinsu sai da dalili, amma al'amuran rayuwar duniya asalinsu halas ne har sai dalili ya hana. Saboda haka waya ba bidi'a ba ce, haka nan rediyo, da mota, da lasifika, da kwamfuta. Bidi'ar da muke yaƙi da ita ita ce ƙirƙiro wata hanyar bauta wadda Manzon Allah (S.A.W.) bai zo da ita ba. Wanda ya haɗa waɗannan abubuwa biyu wuri guda ya jahilci addini.

A shekara ta 5 bayan Hijira, sa'ad da rundunonin kafirai suka nufo Madina, Salmanul Farisi (R.A.) ya ba da shawarar a haƙa ganuwa, dabarar da Larabawa ba su saba da ita ba, mutanen Farisa ne suka san ta. Annabi (S.A.W.) ya karɓa, har ya shiga aikin haƙar da hannunsa mai albarka. Sayyidina Umar (R.A.) a zamanin halifancinsa ya kafa diwani, watau rajistar sunayen mutane da haƙƙoƙinsu, tsarin da su ma daulolin da ke maƙwabtaka da su suka riga su sani. A nan ƙasarmu kuwa, da rediyo da kaset aka kai Sunna lungunan da ƙafar mai wa'azi ba ta taka ba. Tafsirin da Shaikh Abubakar Mahmud Gumi, Allah Ya jiƙansa, ya riƙa yi a Masallacin Sultan Bello, ta Rediyon Kaduna ya isa kunnen manomi a gona da mace a cikin ɗakinta. Ashe kuwa mu ba masu ƙyamar na'ura ba ne. Duk wanda ya ce maka mun haramta waya, ya yi mana ƙage.

Amma halaccin abu daban, yadda kake mu'amala da shi kuma daban. Dukiya halas ce, tana halaka mai ita. Abinci halas ne, yana kwantar da mai haɗama.

YADDA MUKA TSINCI KANMU

Wayar salula ta shigo Nijeriya a watan Agusta na shekarar 2001. Kafin nan layukan tarho da ke ƙasar duka ba su kai rabin miliyan ba, a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 100. Mutum ya kan yi tafiyar kwana guda domin ya isar da labarin rasuwa. Yau layukan da ke aiki sun haura miliyan 150. Wannan ni'ima ce, wanda ya yi musun haka ya yi wa Allah butulci.

To, amma dubi abin da ya biyo baya. A hankali a hankali aka ɗaure kome da kome a jikin wannan na'ura. Ajiyarka ta banki tana ɗaure da lambar wayarka. Tun daga ƙarshen 2020 aka wajabta haɗa layi da lambar katin ɗan ƙasa. Ɗanka ba zai shiga jami'a ba sai ya zauna gaban kwamfuta ya yi jarrabawa. Har ziyarar Rauda a Masallacin Annabi (S.A.W.) sai ka nemi izini ta cikin waya.

Ba mu gane zurfin ramin ba sai da Allah Ya nuna mana aya. A watan Satumba na 2021 hukuma ta rufe layukan sadarwa a Jihar Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, daga baya aka haɗa da wasu sassan Katsina, da Sakkwato, da Kaduna. Makonni mutane suna shiga mota zuwa wasu garuruwa domin kawai su buga waya ko su tura kuɗi. Ranar 4 ga Oktoba na wannan shekara kuma Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke a duniya baki ɗaya na kimanin awa 6, sai ga magidanta suna jujjuya waya kamar waɗanda aka yi wa mutuwa. Sa'an nan a farkon 2023, da aka sauya takardun Naira 200 da 500 da 1,000, tsabar kuɗi ta yi ɓatan dabo. Mutum yana da dubbai a banki, ya tsaya gaban mai gero ya tura kuɗi, sabis ya ƙi, ya koma gida hannu rabbana, yara suka kwana da yunwa. Mai kuɗi ya riƙa sayen kuɗinsa da kuɗi a hannun masu POS.

Wanda ya ga waɗannan abubuwa da idonsa, in ya ce na'ura ta mallaki zamani, ba za a ce ya yi maganar banza ba. Sai dai maganar tana bukatar a rarrabe ta.

DOGARO IRI BIYU NE

Akwai dogaron hannu, akwai dogaron zuciya. Dogaron hannu shi ne riƙo da sababi. Manomi ya dogara da fartanya, matafiyi ya dogara da mota, ɗan kasuwa ya dogara da waya. Wannan ba laifi ba ne, Shari'a ma ta yi umurni da shi. Tirmizi ya ruwaito labarin mutumin da ya tambayi Annabi (S.A.W.) ko ya saki raƙumarsa ya yi tawakkali, sai aka umurce shi da ya ɗaure ta tukuna, sa'an nan ya dogara ga Allah. Ɗalibin da aka tilasta wa jarrabawa da kwamfuta, da ma'aikacin da ba a biyansa albashi sai ta banki, larura ce ta kama su, babu zunubi a kansu.

Abin da hankali ya ce a nan shi ne kada jama'a ta zuba duk ƙwayayenta a ƙwarya ɗaya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Magidanci ya ajiye 'yar tsabar kuɗi da ɗan hatsi a gida gwargwadon hali. Ya rubuta lambobin 'yan'uwansa a takarda. In ya ba da bashi ko ya karɓa, a rubuta a kafa shaidu kamar yadda aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta koyar, kada a bar haƙƙin mutane cikin saƙon waya wanda ɓarawo zai iya fizgewa a bakin kasuwa. Su kuma masu mulki su ji tsoron Allah, kada su rufe wa talaka tsohuwar ƙofa alhali sabuwar ba ta gama buɗuwa ba.

Dogaron zuciya kuwa shi ne wurin hatsari, kuma shi ne ya fi yawa a cikinmu. A nan ba hukuma ce ta tilasta ka ba, ba banki ba ne. Wa ya tilasta ka kai ƙarfe biyu na dare kana kallon rawa da barkwanci? Wace larura ce ta sa ka zaro waya liman yana kan mumbari?

BAWAN ABIN DA BA SHI DA RAI

Buhari ya ruwaito daga Abu Huraira (R.A.) hadisin da Annabi (S.A.W.) ya yi tir da wani irin mutum, ya kira shi bawan dinari, bawan dirhami, bawan tufafi. Ka tsaya ka yi tunani. Dinari ba shi da hannu balle ya riƙe bulala, ba shi da baki balle ya ba da umurni. Yaya aka yi ɗan Adam ya zama bawansa? Hadisin da kansa ya bayyana alamar: jin daɗin mutumin da fushinsa sun rataya ga samun abin ko rashinsa. Ke nan bauta a zuciya take. Duk abin da ke juya farin cikinka da baƙin cikinka, ya tsara maka lokacinka, ya kira ka ka amsa ba tare da jinkiri ba, to shi ne maigidanka, ko da kuwa kai ka saye shi da kuɗinka.

Alƙur'ani ya kai maganar inda ta fi haka. A Suratul Furƙan aya ta 43, da Suratul Jasiya aya ta 23, Allah Ya ba da labarin wanda ya mai da son zuciyarsa abin bautarsa. A nan asirin yake, ɗan'uwa. Waya ƙarfe ce da gilashi. Wanda ya mallake ka na ainihi shi ne son zuciya, waya kuwa ita ce igiyar da ya samu yana jan ka da ita. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mu da muke kiran mutane zuwa ga Tauhidi, muna hana su rataya zukatansu ga laya da kabari da boka, bai kamata mu wayi gari zukatanmu na rataye da abin da ake sa wa caji ba. Ba muna cewa mai yawan danna waya ya yi shirka ba ne, Allah Ya tsare mu da kafirta Musulmi. Muna cewa ne Tauhidi 'yanci ne, kuma wannan 'yancin yana ƙaruwa yana raguwa gwargwadon abin da ya cika zuciya.

"AI KAMAR WUƘA CE"

Wani zai ce: "Malam, ai waya kamar wuƙa ce, in ka so ka yanka nama, in ka so ka yanki mutum, ita babu ruwanta." Wannan magana rabinta gaskiya ne. Amma ka taɓa ganin wuƙar da ke kiran mai ita da tsakar dare? Ka taɓa ganin wuƙar da ta san abin da ka fi so, ta riƙa kawo maka shi?

Tambayi kanka, me ya sa Facebook da TikTok da YouTube ba sa karɓar ko kwabo a hannunka kafin ka shiga? Banza ba ta kai zomo kasuwa. Kusan dukkan kuɗin da kamfanin da ya mallaki Facebook yake samu daga talla ne. Mai talla yana biyan kuɗi domin idonka ya sauka a kan hajarsa. Saboda haka iya daɗewarka a ciki, iya ribarsu. Na'urorinsu suna lura da abin da ka tsaya a kansa, da wanda ka wuce, da wanda ka maimaita, sai su ƙaro maka irinsa. Littafi yana da shafin ƙarshe, shirin rediyo yana da lokacin rufewa, amma wannan an gina shi ne ba shi da ƙarshe, kana ja yana zuwa. Tun da kuwa an ga cewa rigima da zagi da tsiraici sun fi nasiha riƙe ido, su ne suka fi yawo. Watau hajar da ake sayarwa a wannan kasuwa ita ce lokacinka.

Lokaci kuwa shi ne jarinka duka. Buhari ya ruwaito daga Ibnu Abbas (R.A.) cewa lafiya da sararin lokaci ni'imomi ne biyu da mutane da yawa ke tafka hasara a cikinsu. Yi lissafi da kanka. Wanda ke ɓata awa 4 kullum, a shekara ya ɓata awa 1,460, watau sama da kwana 60, dare da rana. A shekara 6 ya zubar da shekara guda ta rayuwarsa. Mutumin nan kuma shi ne zai ce maka ba shi da lokacin zuwa makarantar dare ya koyi hukuncin alwala.

Duk da haka, sanin wannan makirci bai zama uzuri gare ka ba. Suratu Ibrahim aya ta 22 ta ba mu labarin yadda Shaiɗan zai barranta daga mabiyansa ranar Alƙiyama, ya nuna musu cewa shi kira kawai ya yi, ba shi da ikon tilasta kowa, su ne suka amsa. In haka ne hukuncin Shaiɗan, ina ga kamfani? An yi maka tarko da gwaninta, gaskiya ne, amma ƙafarka ce ta taka.

MA'AUNI BIYAR

Ga abubuwa biyar, ka auna kanka da su tsakaninka da Allah.

Na ɗaya, salla. In ladan ya kira, waya ma ta kira, wanne kake fara amsawa? A ƙarshen Suratul Jumu'a Allah Ya zargi waɗanda suka watse zuwa ga ayarin fatake suka bar Annabi (S.A.W.) a tsaye yana huɗuba. Su ayari ne ya zo musu a lokacin da ake cikin yunwa. Kai kuwa ayarin a aljihunka yake, kullum yana kaɗa maka ganga. Muslim ya ruwaito cewa wanda ya yi wasa da tsakuwa lokacin huɗuba ya yi lagawu. In taɓa tsakuwa ya zama haka, yaya karanta saƙo?

Na biyu, labari. Aya ta 6 ta Suratul Hujurat ta umurce mu da bincike kafin mu gaskata labarin fasiƙi, don kada mu cuci mutane cikin jahilci mu dawo muna nadama. Imam Muslim kuma ya kawo a gabatarwar littafinsa cewa faɗin duk abin da aka ji ya isa ya mai da mutum maƙaryaci. Yau da ɗan yatsa ɗaya kana tura ƙarya ga mutum ɗari: hoton tsohuwar rigima a ce ta jiya ce, muryar wani a jingina wa wani, hadisin ƙarya a ce in ba ka tura ba masifa za ta same ka. Magana zarar bunu ce. An raba aure da irin wannan, an zubar da mutuncin malamai, an tayar da fitina a gari.

Na uku, ido da kunne. Aya ta 36 ta Suratul Isra'i ta sanar da mu cewa za a tambayi mutum game da jinsa da ganinsa da zuciyarsa. Umurnin runtse ido da ke Suratun Nur, ga maza da mata, bai faɗi ba don abin kallon yana bayan gilashi. Abin da za ka ji kunya mahaifinka ya leƙo ya gani, Allah Yana ganinsa.

Na huɗu, iyali. Maigida ya shigo, an kawo tuwo, hannu ɗaya a kwano, ɗaya a waya. Matarsa tana magana yana cewa "uhm". Ke ma 'yar'uwa, yaro yana kuka sai a miƙa masa waya don ya yi shiru, ba a san abin da yake gani ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, to wa ke tanƙwara 'ya'yanmu yau? Haka nan zumunci. Saƙon "barka da Juma'a" da ka tura wa mutum hamsin bai ɗauke maka zuwa duba gwaggonka da ke kwance a unguwar da ke kusa da kai ba.

Na biyar, ilimi. Waya tana gaya maka lokacin salla, madalla. Amma alamomin da Shari'a ta kafa a sama suke: gushewar rana daga tsaka, inuwar abu ta kai tsawonsa, faɗuwar rana, ɓacewar jan shafaƙi, ketowar alfijir na gaskiya. In caji ya ƙare kana daji, ka san su? Alƙur'ani yana cikin wayarka da muryar alarammomi goma, nawa ne a ƙirjinka? Mafi muni shi ne ɗaukar fatawa daga guntun bidiyo na minti ɗaya, ko daga na'urar da ake tambaya tana ba da amsa. Magabata irin su Ibnu Sirin sun yi gargaɗi mutum ya duba wanda yake karɓar addininsa daga gare shi. Na'ura tana taimakon ɗalibi, amma ba ta san halinka ba, ba ta tsoron Allah, ba kuma za ta tsaya gabanSa ta amsa abin da ta faɗa ba.

MAGANI

Ba mu ce ka jefa wayarka rijiya ba. Doki mai ƙarfi linzami ake sa masa. Kashe ta kafin ka shiga masallaci, ko ka rufe mata baki. Kada ta zama abin da ka fara taɓawa da asuba kafin azkar, ko na ƙarshe da dare. Ka ware mata lokaci kamar yadda kake ware wa kasuwa lokaci, in ya cika ka ajiye. Lokacin cin abinci da hirar iyali a tara wayoyi wuri guda, maigida ya fara da tasa. Ka fita daga duk zauren da ake cin naman mutane. Kada ka tura abin da ba za ka iya rantsuwa a kansa ba. Ka nemi malami na Sunna ka durƙusa gabansa da littafi ko da sau biyu a mako.

Sa'an nan ka jarraba kanka. Allah Ya horar da mu da azumi, muna barin halas daga alfijir zuwa faɗuwar rana domin rai ya san ba shi ne sarki ba. Ɗauki yini guda, in babu larura, ka ajiye ta daga Azahar zuwa Isha'i. In zuciyarka ta natsu, ka gode wa Allah, linzami yana hannunka. In kuwa ka ji hannunka yana ta lalube cikin aljihu, ƙirjinka ya yi ƙunci, to ka sami amsar tambayar da muka fara da ita, sai ka tashi tsaye neman 'yancinka tun da sauran numfashi.

Tirmizi ya ruwaito cewa bawa ba zai gusa daga matsayarsa ranar Alƙiyama ba sai an tambaye shi rayuwarsa a me ya ƙarar da ita. Ranar ba za a kira wanda ya ƙera wayar ya amsa maka ba. Kai za a tambaya.

Allah Ya sa abin da Ya hore mana ya zama hujja gare mu, kada ya zama hujja a kanmu. Ya tsarkake zukatanmu daga bautar waninSa, Ya shirya mana zuriyarmu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya sa mu cika da imani a kan Sunnar ManzonSa (S.A.W.). Amin.